Wane irin daɓe ya dace da ɗakin kare a Kano?

Wani bawan Allah da ke zaune a Rijiyar Zaki ya turo tambaya. Yana da karnukan gadi guda biyu, Alseshan (babban karen Turawa mai yawan gashi) ɗaya da na gida ɗaya, ya killace musu wuri a bayan gida da waya, amma ƙasa ce tsura. Da damina wurin yakan koma caɓi, zarni ya addabi iyali, kaska kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa duk da maganin da yake saya. Birkilansa ya ce a sa tayil, wani abokinsa ya ce intalok, wato ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa a kan yashi, ya fi. Shi ne yake neman a faɗa masa wanda zai yi kafin ruwa ya sake sauka.

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka sayi kaya. Shawarata ita ce ka bar tayil, ka bar intalok, ka zuba kankare mai kauri, mai gangara, wanda fuskarsa ke da ɗan kaushi, sannan ka yi wa kowane kare gadon kwanciya a ɗage daga ƙasa, a cikin inuwa. Sai dai kankaren da aka zuba da ganganci ya fi ƙasar da kake da ita yanzu ba da wahala, don ita ƙasa ana iya kwashe ta a zuba wata, shi kuwa sai an sa guduma. Saboda haka zan yi maka bayanin yadda za ka tsaya a kan birkilanka ranar aikin.

Ka fara sanin abin da ƙasar nan take ɓoye maka. Caɓin da kake gani shi ne ƙaramar matsala. Ƙwan tsutsar ciki yana fita ne a kashin kare, kuma ba ranar da ya fita yake kama wani ba. Tsutsar nan mai shan jini a hanji tana buƙatar kamar mako guda a ƙasa mai danshi kafin ta isa shiga jiki, kuma ta fatar ƙafa take shiga, har da ƙafar yaron da ya taka wurin ba takalmi, inda take yin wani zane mai ƙaiƙayi a ƙarƙashin fata. Ƙwan doguwar tsutsa kuwa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya nuna, amma in ya samu ƙasa zai iya yin shekaru da ransa. Kenan in kana kwashe kashi kullum daga daɓen da ake iya wankewa, ka katse musu hanya. A ƙasa kuwa, komai iya sharar ka, saura yana nan. Akwai kuma cutar fabo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta ke yin watanni, wani lokaci har shekara, a cikin ƙasar da rana ba ta duka. Na ga gidajen da kwikwiyo ya mutu, aka sayo wani aka ajiye a wuri ɗaya, shi ma ya bi sahu, mai gida yana ta zargin wanda ya sayar masa. Sannan da damina akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwansa a yashin da fitsari ya jiƙa a inuwa. Tsutsarsa tana huda fatar kare, sai ka ga ƙuraje kamar maruru a ciki da cinyoyi, in an matsa tsutsa ta fito. Duk waɗannan a ƙasa da yashi suke zaune, babu maganin feshi da zai raba ka da su.

Kaska ita ce dalilin da ya sa na hana ka intalok. Kaskar kare mai ruwan ƙasa ba a jikin kare take yin yawancin rayuwarta ba. Tana hawa ta sha jini, ta sauka ta nemi tsaga ta shige. Tamata guda ɗaya in ta ƙoshi tana zuba ƙwai dubbai a cikin tsagar bango ko ta daɓe, kuma a zafi irin namu cikin wata biyu ƙwan nan ya zama manyan da su ma za su yi ƙwai. Wadda ba ta samu jini ba tana iya yin watanni tana jira. Shi ya sa kake wanke kare yau, bayan kwana kaɗan ka ga kunnensa ya sake cika. Kuma ba shan jini kaɗai take yi ba, ita ke ɗauko zazzaɓin da ke sa kare ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, wani har haɓo yake yi. To intalok tsaga ce daga farko har ƙarshe, an cike ta da yashi. Fitsari ya bi tsakanin duwatsun ya sauka ya zauna a ƙarƙashi, kaska ta samu ɗaki. A wajen ajiye mota intalok ba shi da laifi, amma ba a inda kare ke kwana ba.

Tayil kuma, na san abin da birkilanka ya hango: saurin wanki da kyan gani. Matsalarsa santsi. Kare mai nauyi irin Alseshan ko Rotwaila in ya zabura ya yi kan ƙofa a kan jiƙaƙƙen tayil, ƙafafun bayansa suna tale, ana haka ana haka har gwiwa ko ƙugu ya samu rauni. Alseshan dama asalinsa mai saurin samun ciwon ƙugu ne, kuma kwikwiyon da ya tashi a kan santsi ya fi shiga haɗarin. Ga shi rana da ruwa suna ɗaga tayil a waje, layin da ke tsakani ya farfashe, ka koma gidan jiya. In ka nace sai tayil, to mai kaushin nan na waje, a ɗora shi a kan kankare, a cike layukan tsaf. Amma kuɗin da za ka kashe a kansa, da ka ƙara inuwa da shi ya fi maka.

Akwai wani abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don ana yawan kawo shi a matsayin mafita: kejin ƙarfen da masu walda ke yi, wanda ƙasansa rodi ne a jere don kashi ya riƙa zuba ƙasa. Kada ka saya. Tafin ƙafar kare ba a yi shi don tsayuwa a kan rodi ba. Yatsunsa suna buɗewa, tsakaninsu ya yi gyambo, farata su yi zaƙo-zaƙo don ba sa gogar komai, wani lokaci ƙafa ta maƙale ta karye. Karen da ya yini a haka ba zai iya yi maka gudun kirki da dare ba. Ciyawar roba ma ka manta da ita. A watan Afrilu ba ta takuwa, kuma tana riƙe zarni.

Yanzu ga aikin kansa. Tun da karnuka biyu ne, ka raba musu ɗaki, kowa da nasa, don ranar da ɗaya ya kwanta ciwo za ka gode wa Allah. Ga babban kare, ni ba na yin ƙasa da mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo, wato kusan ƙafa 6 da rabi da ƙafa 10, kuma wannan ma da sharaɗin ana sakinsa da dare ya zaga gida. A kwashe ƙasar saman wurin gaba ɗaya, aƙalla zurfin taƙin hannu guda, a fitar da ita daga gidan, kada a baza ta a tsakar gida ko gindin bishiya, don ita ce mai ƙwan tsutsar. A zuba marmara a yayyafa ruwa a daddaɓe ta sosai, kaɗan-kaɗan, ba a tula ta gaba ɗaya a taka sama a ce an gama ba. Yawancin daɓen da ka ga ya tsage bayan damina ɗaya, cikon ƙarƙashinsa ne ya zauna. A ɗaga cikon yadda saman daɓen zai fi tsakar gidan tudu da kamar inci 6, saboda ka san ruwan watan Agusta a Kano, in ya sauko da ƙarfi tsakar gida takan cika kafin rariya ta janye. A shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon, tana hana danshi tasowa, tana kuma hana busasshiyar ƙasa shanye ruwan kwaɓin tun bai kama ba.

Kaurin kankaren ya kai inci 4, wato santimita 10. Kwaɓin kuwa, siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. A lissafin magina, buhu ɗaya na kilo 50 kwanon gini biyu ne, don haka kowane buhu zai ci yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8. Ɗaki mai mita 2 da mita 3 zai ci kamar buhu 4, ɗakuna biyu buhu 8, ka ƙara biyu ko uku don kwata da gyaran gindin bango. In aka ce maka buhu biyu ya isa ɗaki ɗaya, to ƙasa za a shafa wa siminti, kuma faratan kare za su tone ta kafin shekara. Yashin ya zama mai tsabta, na rafi mai haƙori, ba mai laka ba. In da hali, a sa ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin, za ka same ta a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Aikinta shi ne ko da daɓen ya so tsagewa, ta riƙe shi kada tsagar ta buɗe. Sai ka sa ido a kan ruwa. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyawa da bazawa, amma yawan ruwa yana barin ƙananan ƙofofi a cikin kankare in ya bushe, ta nan fitsari ke shiga ya zauna, shi ne zarnin da wanki ba ya fitarwa.

Gangara ita ce ran aikin nan duka, a nan nake so ka fi tsayawa. Kowace mita ɗaya ta sauka da santimita 2. In za ka faɗa wa birkila da yarensa, ka ce inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu. Ɗaki mai tsawon ƙafa 10 kenan bayansa zai fi gabansa tudu da inci biyu da rabi. Kada ka yarda da "ai na ba shi gangara, Alhaji" da ido kawai. A kafa turaku, a ja igiya, a auna da tiyo mai ruwa ko ma'aunin gini tun kafin a zuba, kai ma ka duƙa ka gani. Gangarar ta tashi daga wajen kwanciya ta nufi gaba, ta fita waje ta faɗa wata 'yar kwata da aka yi a gaban ƙofar, ba a cikin ɗakin ba. Kowane ɗaki ya zubar da nasa kai tsaye. Kada ruwan ɗakin wannan ya ratsa ta ɗakin wancan, don haka cuta ke tsallakawa. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, bayan daɓen ya kama, ka ɗauki bokiti guda ka sheƙa daga baya ka tsaya ka kalla. Ruwan ya kamata ya tafi gaba ɗaya ya bar wurin yana tsanewa. In ka ga ya taru a wani wuri ko da faɗin faranti ne, nan fitsari zai riƙa kwana, a gyara tun birkila bai kwashe kayansa ba.

Inda ruwan zai ƙare shi ma abin dubawa ne. Kada ka sake shi a kwatar layi. A unguwanninmu gida na jikin gida, yara suna wasa a bakin kwata, mutane suna wucewa masallaci da alwalarsu, kuma fitsari da kashin kare najasa ne. Rigimar maƙwabta a kan kare yawanci daga wari da ruwan wanki take farawa kafin a zo ga haushi. Ka ja bututu mai inci 4 zuwa sokawe, ka sa raga a bakinsa don ta tare gashi, in ba haka ba Alseshan zai toshe maka shi cikin 'yan makonni. In akwai rijiya a gidanka ko gidan maƙwabci, sokawen ya yi nesa da ita aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara. Kashi kuwa a kwashe shi da shebur a zuba a masai kafin a kawo ruwa, ba a kora shi cikin bututu ba.

Sai fuskar daɓen. Birkilolinmu sun saba in sun gama, su barbaɗa tsurar siminti su goge da cokali har ya yi sheƙi, irin na ɗakin kwana. Ka hana shi. Wannan santsin ɗaya yake da na tayil in ya jiƙe, kuma ɓawon saman yana ɓamɓarewa. A lallaɓe shi da katako kawai, ko a ja tsintsiya mai laushi a kai sau ɗaya, layin ya bi hanyar da ruwa zai bi. Kada kuma a wuce gona da iri, don kaushi mai yawa yana cinye tafin ƙafa, yana kuma riƙe datti. Ka shafa da tafin hannunka: in ya riƙe hannun ba tare da ya karce shi ba, ya yi. Inda daɓe ya haɗu da bango kada a bar kusurwa mai kaifi, a cike ta da siminti a lanƙwasa da gindin kwalba, don tsintsiya ta iya shiga, kaska kuma ta rasa mafaka. Bangon ma a yi masa filasta a goge har sama, saboda kaska hawa take yi. Bulon da ba a shafe ba gidanta ne.

A zuba kankaren da sassafe ko bayan la'asar, musamman da bazara da lokacin hunturu, domin zafi da busasshiyar iska suna zuƙe ruwan saman tun bai kama ba, sai ka ga ƙananan tsagogi sun bazu. Washegari a rufe shi da buhun algarara, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7 ba fashi. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma bayan mako biyu karnuka za su iya shiga, in an wanke shi da ruwa sosai. Kada ka yi gaggawa, sabon siminti yana da kaifin da ke ƙona fata, ka dubi hannun leburan da ya yini yana kwaɓi. In kana da hali, bayan wata guda a shafa masa fentin daɓe mai toshe ƙofofin kankare, a barbaɗa ɗan lallausan yashi a cikinsa don kada ya yi santsi.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa, kuma yana damuna ƙwarai: kankare wurin tsayuwa da wanki ne, bai dace da kwanciyar yini da kwana ba. Babban kare in yana zubewa a kansa kullum, gwiwar hannunsa takan yi kanta, gashin wurin ya zube, wani ma ta kumbura ta tara ruwa, in ta fashe kuwa warkewarta aiki ne. Da sanyin Disamba da Janairu daɓen yakan yi sanyi ƙarara da asuba, tsohon kare da kwikwiyo su ne suka fi shan wahala. Ka sa kafinta ya yi gado na katako, tsayin inci 4 zuwa 6 daga ƙasa, faɗin da kare zai miƙe ƙafafunsa duka, allunan a manne ba tazarar da yatsa zai shiga, kuma ya zama ana iya ɗaga shi a fitar rana a wanke ƙarƙashinsa. 'Yan Katako na Na'ibawa za ka samu mai ƙwari. Amma kada a shafa masa baƙin mai ko maganin gara kamar yadda ake yi wa katakon rufi, don kare yana lasa yana gwaguya, guba ce. In gara kake tsoro, a yi ƙafafun da ƙarfe. Shimfiɗar roba mai kauri ma tana yi a kan gadon, in karen ba mai yayyaga abu ba ne. Garin katako da tsummokara kuwa ka bar su, matattarar ƙuma ce.

Inuwa kuma wani ɓangare ne na daɓen, ba ƙari ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kankaren da rana ta duka ya fi haka nesa. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, saboda haka in ƙasa na ƙuna sama na ƙuna ba shi da mafita, kuma masu gashi irin Alseshan suna iya mutuwa cikin yini ɗaya. Ka ɗora bayan hannunka a kan daɓen da azahar ka ƙirga bakwai. In ba za ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. A rufe aƙalla kashi biyu cikin uku na ɗakin, rufin ya yi tsayin da mutum zai shiga a miƙe, a sa sili ko zana a ƙarƙashin kwanon, gefe a bar shi da raga don iska ta ratsa. Ragowar da ba a rufe ba ya fuskanci gabas in gidan ya ba da dama, don hantsi ya busar da daɓen bayan wankin safe, ranar yamma kuma ta tarar da bango.

Wajen wanki, a kwashe kashi, a wanke da ruwa da sabulun gari, a ɗauraye, sannan a zuba bilic irin su Hypo ko Jik. Kada a zuba shi a kan fitsari kai tsaye, haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da ido da huhu, kuma datti yana kashe masa ƙarfi. Ma'aunin da aka saba shi ne kofi 1 a kofi 30 na ruwa. In ka duba jikin robar ka ga an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, ka yi kofi 1 a kofi 20. A bar shi minti 10, a ɗauraye, a bar wurin ya bushe kafin kare ya dawo. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa in babu ciwo. Fiya-fiya da magungunan feshin gona kada su kusanci wurin.

Ranar da za ka mayar da su sabon ɗakin, ka fara kai su asibitin dabbobi ko ka kira likita ya zo gida, a yi musu maganin kaska da na tsutsar ciki, a duba ko lokacin allurar haukan kare ya yi, don ita duk shekara ake sabuntawa. Inda suka zauna na wucin gadi shi ma a yi masa feshin da likitan ya rubuta, a maimaita bayan mako biyu saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. In ka shigar da su da kaskarsu a jiki, za ta sauka ta bi bango ta sami katakon rufi ta zauna. In kuma kuɗin ɗaki biyu ba zai samu a lokaci ɗaya ba, ka gama na Alseshan ɗin tukuna, don shi ne ya fi rauni a gaban kaska da zafi, amma ka haƙa kwata da sokawen da za su ɗauki duka biyun tun yanzu.